Asalin Miya da Sunan Aya

Wata ranar kasuwa a Gazawa, da la'asar sakaliya, lokacin da masu amalanke suka fara ɗaura wa shanunsu kaya don komawa ƙauye, ina tsaye kusa da wata dattijuwa mai kayan miya, wadda ta jera curin daudawa bisa faifai, ga garin kuka a ƙwarya, ga busasshiyar kuɓewa a gefe, sai wani saurayi, wanda shigarsa ta nuna daga birni aka aiko shi neman tsaraba, ya durƙusa ya ɗauki curi guda, ya kai hanci, sa'an nan ya ce, "Inna, wannan ta asali ce kuwa?" Dattijuwar ba ta yi garajen amsawa ba, sai da ta gyara lulluɓinta tukuna ta ce, "Ɗana, ta batso ce. Ni na dafa gurguzun, ni na daka, ni na rufe ta har ta yi, kuma yadda na ga uwata na yi, haka nake yi." Saurayin ya biya ya tafi, ni kuwa na koma masauki maganar nan tana yi mini yawo a zuci, domin na lura shi asali ya tambaya, ita kuwa da isnadi ta amsa masa, kuma tun daga ranar nake ganin amsarta ta fi tambayarsa zurfi.

Bari mu fara da lafazin kansa, kamar yadda malaman zaure kan fara da lugga kafin su shiga hukunci. Kalmar asali daga Larabci ta zo mana, inda take nufin saiwar itace ko tushen abu, wato ɓangaren da ke ɓoye a ƙasa wanda sauran ke tsaye a kansa, shi ya sa malaman usulu, in suna bayanin ƙiyasi, sukan ambaci asali su ambaci far'i, tushe da reshe ke nan, sa'an nan su nemi illar da ta haɗa su. Al'ada ma daga wannan gida ta fito, kuma ma'anarta ta farko ita ce abin da ake komawa gare shi, a yi a sake yi har jiki ya saba. Ashe ke nan kalmomin nan biyu da muke auna abin da yake namu da su, su kansu bisa raƙumi suka iso, cikin gafakar malamai da kayan fatake, amma yau babu Bahaushen da zai yarda a ce masa asali ba Hausa ba ce. Muna da namu na gida, ba shakka: gargajiya ga abin da aka gada, gangariya ga abin da ba a surka ba, zalla da tsantsa ga abin da ba shi da gauraye, kishiyarsu kuwa algus, wanda shi ma aro ne daga Larabawa. Wanda ya dubi jerin nan da idon basira zai ga tambayoyi uku ne mabambanta muke cusawa cikin kalma ɗaya: daga ina abin ya fito, wa ya koya wa wa yin sa, kuma ko an ha'ince mu a cikinsa.

To, in ta mahaifar iri ake, sai mu buɗe tukunyar miya mu yi mata hisabi. Gero ɗan ƙasa ne ba gardama, a wannan yanki namu na bakin hamada aka fara noma shi fiye da shekara 4,000 da suka wuce, har mutanen Maraɗi ba su cika kiransa gero ba, hatsi kawai suke cewa, sai ka ce babu wani hatsi a duniya sai shi. Dawa da wake da kuka da ɗorawa su ma 'ya'yan Afirka ne. Amma barkonon da ake cewa miya ba ta miyuwa sai da shi, da tattasai, da tumatir, da masara, da rogo, da dankali, da gwanda, da gujiya, dukkansu daga nahiyar Amurka suke, kuma babu ɗayansu da ya ƙetaro teku zuwa Afirka kafin tafiyar Kolumbus ta 1492. Bayan nan ne jiragen Fotugis suka sauke wasu a bakin teku, wasu kuma suka biyo ta Masar da hamada. Sarkin Katsina Muhammadu Korau, da dukkan mulkinsa, bai taɓa ɗanɗana barkono ba. Yajin zamaninsa masoro ne da kimba da citta. Harshe kuwa, da yake ya fi mu riƙon amana, ya ajiye mana labarin nan cikin sunaye. Masara tana ɗauke da sunan Masar a goshinta. Gwandar gida a dā gwandar Masar ake ce mata, don a bambanta ta da gwandar daji. Zogale, wanda mahaifarsa Indiya, tsofaffi sun san shi da bagaruwar Makka. Da dankalin Turawa ya zo, sai muka juya muka kira wanda ya riga shi isowa dankalin Hausa, alhali shi ma daga can hayin teku yake. Shekarun da ya yi a gonakinmu su suka ba shi sunan gida.

Kada kuma a yi zaton kakanninmu a rufe suke kafin zuwan Nasara. A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya ratsa Tasawa da Gazawa kan hanyarsa ta zuwa Katsina, kuma ayarin Abzinawa masu ɗauke da gishirin Bilma ya biyo. A lokacin Tsibirin Gobir, wanda ke cikin gundumar Gidan Rumji a yau, bai wuce shekara 15 da kafuwa ba, tun da a 1836 Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa shi. Gishirin miyar fadar daga tsakiyar hamada ya fito, goron da ake rabawa a zaurenta daga Gwanja, kanumfarin da ke cikin yajinta kuwa daga tsibiran da ke gabas da Indiya. Tukunyarmu ba ta taɓa zama ba baƙo ba.

Gujiya ce ta fi kowane baƙo ban mamaki, domin ita har suna ta gada. Tun kafin zuwanta akwai wata 'yar ƙasa mai yin 'ya'ya cikin turɓaya da ake kira gujiya, da baƙuwar ta zo ta yawaita sai ta karɓe sunan a bakin Katsinawa da Gobirawa, aka bar 'yar gida da kwaruru, Kanawa kuwa suka kira baƙuwar gyaɗa. Da Faransawa suka ɗora lanho, wato haraji, wanda ba a biya sai da kuɗi, noman gujiya ya mamaye jigawar Caduwa da Agiye da Gazawa, aka kafa sikeli a kasuwanni, alhazan Maraɗi da yawa a nan arzikinsu ya tsiro, bayan samun mulkin kai kuma gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayen ta. Sa'an nan farin 1973 da 1974, da cutar da ta auka mata a 1975, suka karya wannan ciniki, kantuna suka rufe, sikeli ya yi tsatsa. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, kuma mutanen bakin Gulbin Kaba sun fi kowa sanin yadda kaba ke jure fari. Amma a wannan karon cinikin ne ya zama raɓa, rana ta fito ya bushe, ita kuwa gujiya ta zauna, saboda mata sun riga sun shigar da ita turmi, sun koyi soya ta da matse manta, sun fitar da tunkuza da ƙuliƙuli, mahauta kuma sun mai da tunkuzar labun kilishi. Yanzu wa zai tsaya a tashar Gidan Rumji ya ce ƙuliƙuli ba abincin gargajiya ba ne?

Ba mu kaɗai wannan al'amari ya shafa ba, kuma ina ganin mai karatu zai ƙaru in muka leƙa Italiya, ƙasar da mutanenta suka shahara da kishin abincinsu, har kowane lardi yana ganin taliyarsa da cukunsa ne na ƙwarai. Tumatir, wanda duniya ke ɗauka tamkar tutar girkinsu, sai a ƙarni na 16 ya isa gare su, suka daɗe suna yi masa kallon tsoro, kuma littafin farko da ya bayyana yadda ake miyarsa, wanda Antonio Latini ya buga a Napoli a 1692, ya kira ta miya irin ta mutanen Sifen, kamar dai yadda muke cewa dankalin Turawa. Masarar da mutanen arewacinsu ke tuƙa tuwonsu da ita, hatsin Turkiyya suke ce mata. Mu muka jingina ta ga Masar, su ga Turkiyya, ita kuwa 'yar Meziko ce. Taliya ma, ɗaya daga tsofaffin shaidu a kanta a ƙasarsu daga alƙalamin malamin Musulmi ta fito, wato al-Idrisi, wanda ya kammala littafinsa na sanin ƙasashe a 1154 a fadar Sarki Rujar na Siƙilliya, ya ambaci wani gari, Trabia, inda ake yin itriyya da yawa ana loda ta a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Wanda ya saurari lafazinmu na taliya da kyau zai ji amon Italiya a ciki, zai kuma ji amon itriyya.

Amma da abincinsu ya watsu a duniya, aka shiga yin cuku a Amurka ana laƙaba masa sunan garin Parma, sai suka ga sunan gari dukiya ne da ake iya sacewa, suka nemi mafaka wajen doka. A 1992 Tarayyar Turai ta kafa ƙa'idar da ta hana a kira abu da sunan wani wuri sai in a can aka yi shi, bisa hanyar da aka rubuta, da hatimin masu dubawa. Wannan ita ce amsar Turawa ga tambaya ta uku, tambayar ha'inci, kuma ban raina ta ba, domin mu ma mun ga ranarta. Akwai lokacin da wani kamfanin sayar da iri a Senegal ya nemi a rubuta masa sunan albasar Galmi a matsayin nasa, albasar da manoman Adar suka yi zamani bayan zamani suna zaɓen irinta, sai da manoma da hukumomin Nijar suka tashi tsaye kafin a bar wa Galmi sunanta. Daga baya hukumar OAPI mai mazauni a Yawunde ta yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajista, na kuwa yi murna da haka matuƙa. Sai dai hatimi yana da iyakarsa. Yana iya shaida cewa a wuri kaza aka yi abu, amma ba ya koya wa yarinya gane lokacin da daudawa ta yi ta hanyar ƙamshinta. Kuma in aka yi sakaci yakan daskarar da abin da ke raye, ya ɗauki yayin shekara ɗaya ya mai da shi farilla, alhali da an yi wa kilishi irin wannan rajista kafin zuwan gujiya da barkono, da kilishin da muke ci yau sunansa bidi'a.

Wannan ya komo da ni ga dattijuwar Gazawa da tambaya ta biyu, wadda a wurina ita ce uwar sauran. Malaman hadisi, in riwaya ta zo musu, sukan binciki wa ya karɓa daga wa, ko silsilar ta sadu ko ta yanke, ko masu riwayar amintattu ne. Imamu Malik kuma, Allah Ya yi masa rahama, ya riƙi aikin mutanen Madina hujja, saboda abu ne da jama'a suka gani wajen jama'a suka aikata, ɗa ya ga uba, uba ya ga kaka. Ba ina daidaita sha'anin addini da na madafa ba, Allah Ya kiyaye, misali kawai nake arowa daga gidan da ya fi kowane gida sanin darajar naƙali. Abin da nake nufi shi ne, abinci yakan zama namu ranar da saninsa ya shiga hannuwanmu, muka iya yin sa daga farko har ƙarshe, muka iya koya wa na bayanmu, ko da irinsa daga bangon duniya ya fito. Dubi awara. Waken suya ɗan ƙasar Sin ne, dabarar daskarar da ruwansa ta mutanen gabas mai nisa ce, sunan ma ya yi kama da wara, cukun da ake sayarwa a ƙasar Yarbawa, kuma tsofaffinmu da yawa sun girma ba su san ta ba. Amma yau matan Tsibiri da Cadakori da Gangara su ke jiƙa waken, su kai niƙa, su tace, su zuba ruwan tsami, su matse, su soya, 'ya'yansu na zaune suna kallo, ribar kuma cikin gida take kwana. Wannan baƙuwa ta sami isnadi cikin ɗan lokaci kaɗan, kuma ban ga dalilin da zai sa a hana ta zama 'yar gari ba.

Dunƙulen magi kuwa, da tumatirin gwangwani, sha'aninsu daban ne, kuma ba baƙuncinsu ne ya bambanta su ba. Julius Maggi, ɗan wani mutumin Italiya da ya yi ƙaura zuwa Suwizalan, kamfaninsa ya fitar da dunƙulen a 1908, Nestlé ta mallaki kamfanin a 1947, yanzu kuwa sunansa ya zama Hausa, har kowane irin dunƙule magi ake ce masa. Tumatirin gwangwani kuma, wani marubucin Faransa, Jean-Baptiste Malet, ya bi sawunsa cikin littafin da ya fitar a 2017, ya nuna yadda ake noma shi a yammacin ƙasar Sin, a tafasa shi ya yi kauri, a kai shi cikin ganguna zuwa masana'antun kudancin Italiya, a sake ɗura shi a ƙananan gwangwanaye masu sunayen Italiya, sa'an nan a turo shi Afirka. Waɗannan sun shigo tukunyarmu, amma saninsu bai shigo hannunmu ba. Muna saye, ba ma iya yi, kuma duk ranar da suka maye gurbin daudawa da kauɗar tumatir a wani gida, silsila guda ta yanke a gidan. Ba zan ɗora wa mata laifi ba, don na san wahalar da ke cikin daudawa: gurguzu kan yini bisa wuta, itace ya yi tsada, ɗorawa ta yi ƙaranci a gonaki har kalwa sai an kawo daga kudu, matar da ta wuni a gona ko a bakin rijiya kuwa tana da haƙƙin neman sauƙi. Kuma mutanen wannan yanki sun nuna suna iya maido da abin da ya kusa ɓacewa, ga Ɗan Saga nan a gundumar Agiye, inda sassabin zamani, wato barin toho ya girma a gona maimakon a sare shi, ya mayar da itatuwa filayen da suka zama fako. Fatana shi ne a yi wa ilimin madafa irin gatan da aka yi wa tohon gawo da kalgo.

Saura magana guda, kuma ita ta fi ci mini rai, wato maganar aya. A rubutun boko haruffanta ɗaya ne da na aya mai nufin alama, ko da yake baki yana bambanta su, kuma lalle ayar ci ta zama alamar wannan yanki, domin jihar Maraɗi ce kan gaba wajen noman ta a Nijar, daga Caduwa zuwa Agiye da Gazawa, har Gidan Rumji da Madarunfa. Tsohuwar shuka ce ƙwarai, an same ta cikin kaburburan Masar na zamanin Fir'auna, Larabawa suna ce mata habbul aziz, kuma a zamanin daular Musulmi a Andalus ta kafu a lambunan Balansiya, birnin da Turawa ke kira Valencia, inda har yau ake jiƙa ta a niƙa a tace, a sha da sanyi da sunan orcata, wadda ba ta da wani bambanci mai yawa da kunun ayarmu. Manoman can, na Alboraya da ƙauyukan kewaye, sun sama wa ayarsu hatimi da majalisar da ke tsaron sunanta, ta yadda ba a kiran wata aya da sunan Balansiya sai wadda aka haƙo a ƙasarsu. Amma abin da suke nomawa ba ya isar masu buƙata, don haka 'yan kasuwar Sifen suna sayen aya daga Afirka ta Yamma, har da Nijar, wani kaso mai yawa kuma yana bi ta kan iyaka zuwa kasuwannin Najeriya.

Wanda ya taɓa ganin haƙar aya ba zai manta ba. Bayan ganyen ya bushe a banka masa wuta, a farfasa ƙasar, sa'an nan mata da yara su shiga tankaɗe da sheƙa cikin ƙura da toka, tun hantsi har rana ta yi sanyi, fuska ta yi furu-furu, ƙirji ya cika da tari, gonar kanta kuwa sai an ciyar da ita taki mai yawa kafin ta farfaɗo. Ba banza ba Bahaushe, in zai kwatanta azaba, yake cewa an gasa wa mutum aya a hannu. Bayan duk wannan sai a auna ta da tiya, a ɗinke buhu, a loda a mota, kuma daga wannan sa'a sunan Agiye da na Gazawa sun faɗi daga jikinta. In ta isa Kano aya ce kawai, in ta isa Sifen ayar Afirka ce, mai araha, wadda ake ajiyewa ƙasa da mai hatimi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ga abin da ya cika sharuɗɗan asali duka uku, irinsa daɗaɗɗe ne a nahiyarmu, saninsa yana hannunmu tun daga shuka har dakuwa da kunu, babu kuma algus a cikinsa, amma shi ne yake fita duniya ba suna, alhali tumatirin da ya ratsa teku biyu yana shigo mana da sunan da ba nasa ba.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyoyin manoman aya na Agiye da Gazawa da Gidan Rumji, da masu martaba sarakunanmu, Allah Ya ja zamaninsu, da ma'aikatan gona da ke zaune a waɗannan gundumomi, su haɗa kai su nema wa ayar Maraɗi irin rajistar da aka nema wa albasar Galmi da kilishi, kuma in an zo rubuta yadda ake noma ta da gyara ta, a zauna da matan da ke tankaɗe ta a ji daga bakinsu, a sa sunan ƙungiyoyinsu cikin masu haƙƙi. Kafin takardar ta fito daga Yawunde kuwa, akwai abin da ba ya bukatar izinin kowa: daga kakar bana, duk buhun ayar da zai bar kasuwar Caduwa ko ta Gazawa, a rubuta a jikinsa sunan garin da aka haƙo ta.